Wayar da ke Ƙarƙashin Dakalin Masallaci

Wata Talata ce cikin damina, ina tsakiyar darasi a makarantar sakandaren da nake koyar da fiziks a Daura, matata ta kira ni sau uku a jere. Ba ta saba kirana a lokacin aiki ba. Na fita baranda na ɗauka.

"Malam, Alhaji ya ce a rushe masallacin," in ji ta.

Alhaji mahaifinta ne, dillalin shanu, shi ya ɗauki nauyin gina sabon masallacin garinmu, wani ƙauye a gefen Babban Mutum. Maginin kuwa mahaifina ne. A lokacin gini ya kai bakin taga.

"Me masallacin ya yi?"

"Wai ba alƙibla yake kallo ba. Kuma wai da gangan Baba ya karkatar da shi."

Ana tashi daga makaranta na hau babur na bi ta Baure. Na isa gida ana kiran la'asar. Na tarar da Baba a zaure, ga kwanon tuwon rana a gabansa ko buɗewa bai yi ba. Shekarunsa sun haura sittin, kuma rabin gidajen garin shi ya ɗora harsashinsu. Ba mai yawan magana ba ne. Da ƙyar na haɗa labarin daga bakinsa.

Ranar da za a ja igiyar harsashi, shi da liman suka fito bayan sallar asuba da kamfas, irin wanda mahajjata ke dawowa da shi don neman alƙibla. Suka ɗora shi a kan wani dakalin siminti da ke gaban filin, inda dattawa ke zama da yamma, saboda nan ne wuri mafi shafewa, kuma Baba da kansa ya zuba shi, ya san babu rodi a ciki. Inda allura ta nuna, nan suka ja igiya. Tun ana gini wasu ke cewa masallacin ya karkata arewa, bai yi daidai da tsohon masallacin ƙasa da kakanninmu suka gina yana kallon gabas sak ba. Da Alhaji ya dawo daga fataucin kudu ya ji maganar, sai ya zo da rana tsaka da nasa kamfas ɗin da wayarsa. Ya ƙi aunawa a cikin ginin, ya ce rodi na jan allura, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ɗora su a kan dakalin nan. Dukansu biyu suka nuna wata alƙiblar dabam, nesa da ta Baba, ta wajen kudu.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne garkarmu, ɗan lambun gidanmu. Tana manne da filin. Idan aka juya masallacin yadda kamfas ɗin Alhaji ya nuna, kusurwa ɗaya za ta shiga cikinta har ta ci bishiyar mangwaro. Kafin yamma gari ya ɗauka cewa Baba ya juyar da fuskar masallaci don kada a taɓa masa ƙasa.

"Ni za a ce na karkatar da ɗakin Allah saboda mangwaro," in ji Baba.

Washegari bayan asuba na karɓi kamfas ɗin a wurin liman, muka je ni da Baba. Na ɗora shi a kan dakali, na jira allura ta tsaya. Layin ya bi bangon masallacin daidai, ba ragi ba ƙari. Hankalina ya kwanta. Na ce a raina kamfas ɗin Alhaji ne ya lalace, waya kuwa kowa ya san halinta.

Da azahar mutane suka taru a wurin, Alhaji ya iso da babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Na ce, "Alhaji, da za a gwada da kamfas ɗin liman, ko naku ne ya sami matsala."

Ya ce a kawo. Da hannunsa ya ɗora shi a kan dakali, a daidai inda na ɗora da safe. Na sunkuya na duba. Allurar ta juya ta tsaya a wani wurin da ba na safe ba. Layin alƙibla ya bar bangon, ya nufi mangwaronmu.

Na ce, "Wallahi da asuba ba haka ya nuna ba."

Wani daga baya ya ce, "Ai ɗa ba zai ƙi ba ubansa shaida ba." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Baba yana tsaye a gefe, hannayensa a baya. Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce gobe Alhamis bayan azahar kowa ya hallara, a auna na ƙarshe a kan dakalin a gaban jama'a. In ya nuna na Alhaji, a rushe a sake, kuma a nemo wani maginin.

Bayan an watse na ɗauki kamfas ɗin na shiga gonar gero da ke bayan gari, na kife wani akushi a kan kunya na ɗora shi. Ya nuna layin Baba. Na koma da sauri wurin liman na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama.

"Na yarda da kai, don ni ma da idona na gani ranar da muka ja igiya," in ji shi. "Amma mahaifinka ne ya zaɓi dakalin nan. Yanzu da ya ba shi kunya, in ka ce a koma gona, cewa za a yi kuna neman inda zai faɗi abin da kuke so. Sai ka nuna musu abin da ke damun dakalin."

Na koma na zauna a kan dakalin ni kaɗai. Rana ta fara karkata. Na ajiye kamfas a gefena ina kallonsa ba tare da na san abin da nake nema ba. Can sai na lura allurar ba ta inda take da azahar, ba ta kuma koma ta asuba ba, tana tsakani. A lokacin ne kunnena ya kama ƙarar ruwa yana zuba a tanki. Rijiyar burtsatsen garin tana arewa da masallacin, farantan sola da ke ba injinta wuta suna kudu da shi. Dakalin yana tsakiyarsu. Da asuba babu rana, injin ba ya aiki. Da azahar yana aiki da dukkan ƙarfinsa.

Na tashi na je na tambayi Baba ta ina wayar sola ta bi. Ya ce a cikin ƙasa take, cikin bututun roba, kuma ta ƙarƙashin dakalin ta wuce, don lokacin da ya zuba simintin sai da ya kiyaye ta. Na tambayi zurfinta daga saman dakalin. Ya gwada mini da tafin hannunsa, daga wuyan hannu zuwa kan yatsa.

Wannan darasi ne da nake koyarwa duk shekara. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana haifar da maganaɗisu da ke zagaye ta. Idan wayar miƙaƙƙiya ce doguwa, lissafin yana da sauƙi, domin ta ko'ina ka ɓullo mata iri ɗaya ce. Sai ka zana da'ira a ranka da wayar a tsakiya. Ƙarfin maganaɗisun ɗaya ne a kowane gefe na da'irar, don haka in ka ninka shi da tsawon kewayen da'irar, abin da ka samu ya dogara ne kawai ga yawan wutar da ta ratsa ta tsakiya. In ka san yawan wutar, ka san nisanka da wayar, ka gama. Na sha rubuta shi a allo yara suna hamma.

Akwatin da ke sarrafa injin a kulle yake, makullin yana hannun Alhaji, don shi ya haƙa rijiyar. Amma akwai ɗan gilashi a jikinsa da ke nuna lamba. Na leƙa na ga yawan wutar amfiya tara ne a wannan yammacin, na ƙiyasta da rana tsaka zai kai sha biyar. Na yago takardar buhun siminti na zauna da biro. Amfiya sha biyar, nisa santimita sha biyar. Abin da ya fito ya haura rabin ƙarfin maganaɗisun ƙasa, wanda shi ne ke jan allura arewa. Wutar daga kudu take tafiya arewa, kamfas yana samanta. Na miƙa babban yatsana na dama ya kalli arewa, na lanƙwasa sauran, suka nuna gabas. Ke nan ƙasa na jan allura arewa, waya na jan ta gabas, sai ta tsaya tsakani. Na fitar da kusurwar, ta ba ni kusan digiri talatin. Tazarar da ke tsakanin layin Baba da na Alhaji ke nan, gwargwadon yadda na gani da ido.

Na miƙe zan tafi wurin Baba, sai na tsaya cak. Sola ba ta aiki da waya ɗaya. Ja tana kai wuta, baƙa tana dawo da ita. In suna kwance tare cikin bututu ɗaya, da'irar da na zana ta haɗiye su duka biyu, abin da ya tafi daidai yake da abin da ya dawo, maganaɗisun ɗaya ya kashe na ɗayar. Abin da zai rage ba zai iya juya allura haka ba. Lissafina bai da amfani sai in waya ɗaya ce tak a ƙarƙashin dakalin, kuma babu mai aikin da ya san hannunsa da zai raba su. Na tambayi Baba, ya ce shi bututu ya gani, bai san abin da ke ciki ba. Ba zan iya fasa dakalin in duba ba, don in aka wayi gari aka ga an taɓa shi, magana ta ƙare.

Da yamma matata ta kira. Na faɗa mata abin da nake zato. Ta ce, "Ko me za ka yi, Malam, kada ka kunyata shi a gaban mutane. Ka san halinsa." Na ce to. Ban tambaye ta yadda zan wanke mahaifina ba tare da na kunyata nata ba.

Alhamis da sassafe na tafi Baure wurin wanda ya haɗa solar. Ibo ne, yana da shagon kayan wuta da na babur kusa da kasuwa, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Da na ambaci masallaci sai fuskarsa ta canja. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malam, ni baƙo ne a nan, kuma ba addinina ba ne. Kada ka sa ni cikin rigimar masallaci."

"Oga, ba zan kira sunanka ba. Tambaya ɗaya ce. Waya nawa ce a cikin bututun da ya bi ta gaban filin?"

Ya kalli titi. Sannan ya ce da farko biyu ne. Bara wani ya sare bututun da garma can wajen farantan, baƙar ta tsinke, ruwa ya shiga ta ruɓe. Zaro ta ya yi wuya saboda simintin da aka zuba a kai. Sai ya bar jar a inda take, ya ja sabuwar baƙa ta sama, ta bi shingen garkarmu ta zagaya zuwa rijiyar.

"Alhaji ya sani?"

"Ba ya gari lokacin. Ruwa ya dawo, ba wanda ya tambaya."

Na gode masa. Har na tayar da babur ya biyo ni ya sake cewa kada in ambace shi. Na yi masa alkawari.

Na koma gari da hantsi na wuce gidan Alhaji kai tsaye. Na cire takalmi na durƙusa a zaure. Na ce ina da bayanin da nake so ya ji shi kaɗai kafin a taru.

"Kai ɗana ne, ba ni da magana da kai," in ji shi. "Maganata da mahaifinka ce. Tashi ka je, mu haɗu a can."

Na fito na ɗaga kai. Hadari ya haɗo daga gabas, ya rufe rana. Ban yi tunanin wannan ba sam. In babu rana babu wuta a wayar. Allura za ta nuna na Baba, amma ba wanda zai san dalili, kuma za a ce wani abu muka yi wa dakalin. In kuma rana ta fito sosai kafin in sami bakin magana, za ta nuna na Alhaji, a sa guduma.

Bayan azahar kusan duk mazan garin suna wurin. Na hangi gudumomi biyu an jingine su a bango. Kafin a fara na durƙusa gaban mai gari na miƙa masa takardar simintin a naɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, na rubuta a nan abin da allurar za ta yi. A riƙe, kada a buɗe sai an gama." Ya karɓa yana kallona, ya sa a aljihu.

Liman ya ɗora kamfas. Mutane suka matso har suna taka juna. Sama a lumshe take, injin yana ɗan gurnani sama-sama. Allura ta tsaya kusa da layin Baba, amma ba a kansa ba. Aka fara surutu. Masu goyon bayan Baba suka ce ga shi nan, mutanen Alhaji suka ce ai bai hau bango ba. Alhaji ya ce, "An taɓa wurin nan. Jiya ba haka yake ba."

Na ce, "Ba a taɓa ba, Alhaji. A ɗan jira rana."

"Rana kuma? Me ya haɗa rana da alƙibla?"

Na fara bayanin waya da wuta. Ba wanda ya saurara. Wani ya ce boko ne zai rufe mana ido. Wani matashi ya ɗauki guduma ɗaya ya riƙe. Alhaji ya juya wurin mai gari ya ce a yanke hukunci da abin da aka gani jiya, shi ba zai tsaya wasan yara ba. A nan ne na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

"Alhaji, ku ba da makullin akwatin injin. In ƙarya nake yi, ni zan fara sa guduma."

Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Ya zaro makullin daga aljihu, bai ba ni ba, ya miƙa wa liman.

Muka tsaya jira. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san zufa ta jiƙa mini riga. Iska ta ɗan taso, hadarin ya yage ta gefe ɗaya, haske ya sauko kan farantan. Ƙarar injin ta ƙaru, ruwa ya fara zuba a tanki da ƙarfi. Mai gari, wanda ke tsugune a kan kamfas ɗin, ya ce, "Tana tafiya." Ba wanda ya taɓa ta, allurar ta ja jiki a hankali har layin ya nufi mangwaro.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a kashe injin."

Liman ya je ya buɗe akwatin ya danna. Ƙarar ta ɗauke. Allura ta yi lilo sau biyu ta koma, layin ya kwanta a kan bangon da Baba ya gina. Mai gari ya ce a kunna. Ta tafi. Ya ce a kashe. Ta dawo. Sau huɗu ya sa aka yi. Sannan ya ciro takardar ya ba wani malamin firamare ya karanta: in inji na aiki da rana sosai, allura za ta karkata gabas da kusan digiri talatin, in an kashe ta dawo. Suka ƙirga a jikin kamfas ɗin suka sami ashirin da biyar. Wani ya ce to ai bai cika ba. Na ce wataƙila wayar ta fi zurfin da na ɗauka, ko ranar ba ta gama fitowa ba. Mai gari ya ce wannan ba shi ne abin da ya tara mu ba.

Aka tambaye ni yadda aka yi waya ɗaya ta rage a ƙasa. Na nuna musu baƙar da ke bin shingenmu, na ce gyara aka yi bara. Ban ce wane ne ya yi ba, kuma da yake hankalin kowa na kan allurar, ba a matsa ba.

Alhaji ya matso. Ya karɓi makullinsa a hannun liman, ya gyara riga, ya tafi. Mai gari ya ce a ci gaba da gini.

Na zaci Baba zai yi murna. A hanyar gida yana gaba ina biye, sai da muka kai ƙofar zaure ya juyo.

"Surukinka ka ɗaga wa murya a gaban jama'a."

"Baba, rushewa za su yi."

"Da sun rushe, da an sake ginawa. Gobe da safe ka je ka ba shi haƙuri."

Na je. Alhaji ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, sannan ya ce ya ji, in gaida gida. Bai je wurin Baba ba, Baba ma bai nema ba. Bayan mako guda sai ga motar kwanon rufi ta sauke kaya a filin, direban ya ce Alhaji ya ce a damƙa wa magini. Baba ya ƙirga kwanon ya sa aka shigar. Shi ya ƙarasa ginin har rufi, kafin kaka aka fara salla a ciki. Su biyun suna sahun gaba har yau, liman a gabansu, suna gaisawa kamar yadda surukai ke gaisawa, ba su wuce nan. Matata ta yi kusan wata biyu ba ta je gidansu ba, sai da mahaifiyarta ta aiko a ce ta zo.